Ranar da Ansfekta Ya Faɗo Taron Filadelfiya

Har gobe ba zan manta da safiyar da ansfekta ya zo duba aikina a Madarumfa ba. Lokacin ina shekara ta uku da fara koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwaleji, kuma ɗan kwantiragi ne ni. Ga wanda bai san tsarin ba, ɗan kwantiragi malami ne da ba a riga an tabbatar da shi a aikin gwamnati ba. Ansfekta kan taso daga Maraɗi, ya zauna a bayan aji, ya kalli darasi, ya rubuta rahoto. Rahoton nan yana da nauyi ƙwarai a kan makomar mutum, kuma ba kullum ake sanar da ranar zuwansa ba.

A makon nan ina koya wa ƴan katriyam, wato aji na uku a kwaleji, yadda aka kafa jamhuriyar Amurka. Na riga na ba su labarin yankuna goma sha uku da suka ɓalle daga mulkin Ingila a 1776, suka ci yaƙi, sannan kowace jiha ta kama jan nata. Saura taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta tsarin mulki. Da na ga hamma ta yi yawa, sai na raba su jiha-jiha, na ce su yi taron da kansu. Da yake a tarihi ƙaramar jihar Rod Ailan ta ƙi aiko wakilai, ƴan ƙungiyarta na tura su waje, gindin itacen bedi.

Su ansfekta ya fara cin karo da su. Dattijo ne dogo, mai furfura, ba ya dariya. Ya tambaye su wane laifi suka yi aka kore su.

Ɗaya ya ce, “Ba korar mu aka yi ba, mushe. Mu ne muka ƙi zuwa taro.” Mushe kalmar Faransanci ce ta girmamawa, da ita ɗalibai ke kiran malami.

Can sai ga darektan makaranta ya shigo da shi aji. Na matsa zan yi bayani, ya ɗaga hannu ya ce, “Ci gaba, malam.” Ya wuce benci na baya.

Rigimar da ke gaban taron ita ce rabon kujerun majalisa. Rabi'u, ɗan wani mai motocin jigila zuwa Jibiya, shi ne wakilin Bajiniya, jiha mai yawan jama'a. Ya ce a raba bisa yawan mutane. Hadiza, yarinya ƴar garin Gabi da ke zaune wurin gwaggonta don karatu, ita ke riƙe da ƙaramar jihar Delawa. Ta ce kowace jiha ƙuri'a ɗaya.

Da Faransanci aka fara, yadda doka ta ce. Da abin ya yi zafi sai Faransancin ya ƙare.

Hadiza ta ce, “Haka kuke yi mana kullum! Don kuna da yawa, sai ku yanke, mu na ƙauye mu bi?”

Rabi'u ya ce, “To mutum ɗari su zauna mutum goma su juya su? Wallahi sai mu fice mu kafa tamu ƙasar!”

Aji ya kaure. Ina ta “An faranse! An faranse!”, wato a koma Faransanci, ba mai ji na. Na saci kallon ansfekta, na ga ya ajiye biro. A raina na ce shi ke nan, gobe sai in koma noman gero wurin baba.

Sai ansfekta ya miƙe. Da Hausa tsantsa ya ce, “Ƴata, da gaskiyarki. Ni ma garinmu bai kai unguwa guda ta Maraɗi ba. Amma shi ma yaron nan bai yi ƙarya ba. In kun watse, Ingila tana bakin teku tana jira. To yaya za ku yi?”

Aka yi ta ƙus-ƙus. Can Hadiza ta ce, “A yi majalisa biyu mana. Ɗaya ta yawan mutane, ɗaya kowa daidai. Kada doka ta wuce sai duka biyun sun yarda.”

Rabi'u ya sosa ƙeya ya ce, “In haka ne, ba mu fita.”

Ban riga na koya musu wannan ba. Na juya na rubuta a tablo, wato allo, cewa haka aka yi a Filadelfiya, kowace jiha ta sami kujera biyu a majalisar dattawa. Tafi ya ɓarke har ƴan ajin maƙwabta suna leƙowa ta taga.

Hadiza ba ta zauna ba. Ta ce, “Mushe, a taron na gaskiya mata nawa ne?”

Na ce babu ko ɗaya. Babu bayi, babu mutanen da aka tarar a ƙasar tun asali, kuma an daɗe ana gwagwarmaya kafin su sami murya. Ta ce, “Ashe da sauran aiki suka tashi.” A nan ne na ga haƙoran ansfekta.

A ofishin darekta ya faɗa mini laifuffukana ba ɓoye-ɓoye: na bar Hausa ta mamaye darasi, kuma ban bar lokacin rubuta taƙaitawa ba. Sannan ya ce, “Amma na daɗe ban ga yara suna faɗa a kan tsarin mulki kamar gonar ubansu ba. Gyara waɗancan, kada ka taɓa wannan.” Rahoton ya fito da kyau, kuma daga baya aka tabbatar da ni.

Ku da kuke shigowa aikin nan, abin da na ɗauka daga ranar shi ne, ba kowane aji mai shiru ne yake koyo ba, ba kuma kowane ansfekta ne ya zo neman kuskurenka ba. Yaranmu sun san zafin a yanke hukunci ba da su ba tun kafin su san inda Amurka take a taswira. Ka fara daga abin da suka sani, za su riga ka isa.