Daƙiƙa Uku na Fuskar Yayana

Yayana mai walda ne. Shekara ashirin da shida ke nan yana rumfa ɗaya a titin bayan tashar mota, yana ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Rabin fuskarsa na hagu a ƙone yake, daga kunne har haɓa. Tukunyar gas ce ta fashe masa, abokin aikinsa ya bar ta a buɗe ya tafi cin abinci. Iyakar labarin ke nan, babu komai a bayansa. Na faɗa tun yanzu ne domin a watannin nan na ji labarin ƙunar nan kala-kala.

Bayan ya fito daga asibiti, shekara tara bai yarda kowa ya ga fuskar ba. A rumfa yana cikin hular walda ko da ba ya walda, a hanya kuma ya naɗe da ƙyalle. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko a gidana sai ya juya wa mutane baya yake cin abinci. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza.

'Yarsa ce ta fito da shi. Ƙyalƙyala muke ce mata, saboda tun tana jaririya abu kaɗan ke sa ta dariya. Ranar da ya fara kai ta makaranta ta fizge ƙyallen a bakin ƙofa, ta ce warin ƙarfe yake yi, ba ta so. Ya tsaya a gaban iyayen yara fuska a buɗe, ita kuwa ko a jikinta. Tun daga ranar, ƙarfe biyu saura kwata yake kashe inji, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya je ya tsaya daidai ƙofar makaranta. Ita kuma ta fito da gudu tana ihu, "Ga Babana!" Shekara uku ana haka, kuma wannan tsayuwar ita ce duk abin da yake taƙama da shi a duniya.

Bara wasu 'yan fim suka zo suka tare titinsu kwana uku. Irin finafinan nan ne na ƙarti masu matsattsun kaya, suna tashi sama suna rusa gidajen mutane wai ceton duniya suke yi. Wata mata a cikinsu ta ga Yaya ya ɗaga hular walda yana share gumi, ta roƙe shi ya sake yi a gaban kyamara. Sau bakwai ya yi. Da yamma ya shigo gidana baki har kunne.

"Auta, kin san me suka ce? Wai fuskata tana da kwarjini."

Allah ya yafe mini, har guɗa na yi masa.

Bayan wata shida tallar fim ɗin ta fito. Yaya yana ciki na daƙiƙa uku: tartsatsin wuta, ya ɗaga hula, ya kalli kyamara, shi ke nan.

A nan ɗana ya shigo maganar. Shekararsa ashirin da biyar, ya gama jami'a, kuma aikinsa zama a ɗaki gaban waya da wata fitila mai zobe, yana bayanin finafinan da ba su fito ba tukuna. Farfesa nake ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Lokacin shi da ire-irensa suna ta musu a kan wane ne bos ɗin fim ɗin, wato babban mugun, domin a tallar ba a nuna fuskarsa ba, kullum yana cikin hular ƙarfe. Wannan ya ce ƙanin jarumin ne, wancan ya ce malaminsa ne da aka zaci ya mutu. Manya da gemu suna zagin iyayen juna a kan mutumin da babu shi!

Farfesa ya ga kawunsa, ya gane shi sarai. Maimakon ya ce wa jama'a wannan kawuna ne, walda yake yi a bayan tasha, sai ya tsayar da hoton, ya zagaye ƙunar da jan layi, ya sa kibiya. Ya ce ku duba hular, ku duba wutar, ku duba tabon nan, me zai sa su nuna mutum irin wannan idan ba shi ba ne? A kwana biyu bidiyon ya zaga ko'ina.

Daga nan kowane shashasha ya kawo nasa. Wai shi ya cinna wa gidansa wuta da iyalinsa a ciki. Wai jarumin ne ya ƙona shi, shi ya sa yake neman fansa a kan yara. Wani ya zana shi da haƙora irin na kare. Da aka gano inda rumfar take, sai ga samari da 'yan mata suna tururuwa, suna ɗaukar hoto a gefen da ya ƙone. Da idona na ga wani ƙato ya ce masa, "Baba, ɗan yi mana dariyar mugunta mana." Tir!

Na faɗa ɗakin Farfesa ko sallama ban yi ba.

"Kai, ba kawunka ba ne? Gadon da kake miƙe ƙafa a kai wa ya ƙera maka shi?"

"Haba Mama, hasashe ne kawai. Kowa ya san wasa ne. Ai ni na ɗaukaka Kawu, yanzu duniya ta san shi."

Wallahi na kalli yaron nan na rasa ta inda na haife shi. Na fizge fitilar na maka ta da ƙasa. Ya goge bidiyon yana ƙunƙuni, amma me aka yi? Mutum dubu sun riga sun kwafe.

Yaya ko faɗa bai yi wa Farfesa ba. Ni ce ma yake ba haƙuri. "Ƙyale shi, Auta. Idan fim ya fito ai kowa zai ga walda kawai nake yi a ciki, sai a huta." Ya riƙe wannan maganar da hannu biyu, yana ƙirga kwanaki.

Ranar da fim ɗin ya fito muka je sinima ni da Yaya da rana, ya sa rigarsa mai kyau. Awa biyu da rabi ana rushe-rushe, kaina kamar zai tsage, kuma ko inuwar Yaya ba mu gani ba. Sun yanke wurin. Bos ɗin da ya cire hula, wani kyakkyawan mutum ne sumul, fuska ko ƙurji babu. Na ce to alhamdulillahi, magana ta ƙare.

Ina! Kafin mu iso gida sun sake sabon lale. Wai ɓoye shi aka yi sai kashi na biyu, wai yanke shi ɗin ma shi ne shaidar cewa shi ne ubangidan bos. Muna cin abinci Farfesa ya ɗago kai ya ce, "Mama, ban da wasa, wannan hasashen fa yana da ƙamshin gaskiya." Na ture kwanona na tashi, abincin ya fita raina.

Makon jiya na biyo ta wajen makarantar daidai ƙarfe biyu. Na duba cikin iyayen da ke bakin ƙofa ban gan shi ba. Can na hango shi a kwanar titi, nesa, a jikin wani shago da aka rufe, ya haɗa hannu a baya.

"Yaya, me kake yi a nan?"

"Ita ta ce in riƙa jira a nan." Ya yi ɗan murmushi. "Wai idan na tsaya a ƙofa yara suna cewa bos ya zo ɗaukar 'yarsa, suna gudu."

Sai ga Ƙyalƙyala ta fito. Ba gudu, ba ihu. Tana tafe tana waige, ta zo ta wuce mu kamar ba ta san mu ba, sai da ta sha kwana inda 'yan ajinsu ba za su gani ba sannan ta tsaya ta miƙo hannu baya. Shekararta takwas.

Yaya ya ga yadda nake kallonta, ya taɓa kafaɗata.

"Kada ki yi mata faɗa, Auta. Nan ɗin ma ya fi inuwa."

Ya bi bayanta da sauri ya kama hannun. Na tsaya na dubi wurin da ya bari, babu bishiya babu rumfa, rana ce tsagwaronta.