Tsoho Mai Narki da Mabuɗin Saman Bene

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakan maigidana, wanda kowa a layinmu yake kira Tsoho Mai Narki. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ina wanke kofin shayinsa a famfon baranda aka leƙo aka ce in shigo. Ko da na shiga har an ja masa mayafi.

Tsoho, ni karatu na saba, ban saba rubutu ba. Amma ka sha ce mini wata rana in ajiye labarin mutanen da ba su taɓa zuwa duniya ba in ba da na waɗanda suka zo. To ga naka.

Kafin aurena an gaya mini gidan masu zinare za a kai ni. Duk wanda ya san irin littattafan da nake karantawa zai iya hasashen abin da na zana a raina: shago mai gilasai, fitilu, sarƙoƙi a jere kan jan ƙyalle. Ranar da jikanka ya kai ni in gaishe ka, sai na tarar da shago a ƙasan bene, buhunan matattun wayoyi jingine da bango har kusan rufi, ga kwamfutoci an farke cikinsu. Kana zaune a kan wani tsohon talabijin. Ka dube ni, ka dubi jikanka, ka ce, "Wannan yaron ya yi mini ƙwace. Amaryata, da kin yi haƙuri ai ni zan zo." Daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinka ba.

Kai ka nuna mini inda zinaren yake. Ka ɓare wata waya, ka ciro koren allon da ke cikinta, wanda kuke kira fanel, ka nuna mini 'yan layuka masu ruwan ɗorawa a bakinsa, siraransu kamar gashin ido. Na ce, "Shi ke nan?" Ka ce, "Shi ke nan. Sai an tara buhu kafin a ga abin da zai kai ƙwayar gero." Ka kuma ce tsohuwar waya mai madannai takan fi wasu sababbin ba da zinare, don haka a shagonka wayar talaka ba ta jin kunyar ta mai kuɗi.

Aikin hawa-hawa ne. Jikanka ke yawon sayo kaya da rarrabewa. Mata ke zaune a dogon benci a tsakar gida suna ɓarewa da filaya da sukudireba, roba gefe, jan ƙarfe gefe, fanel gefe. Babbarsu ita ce Inna Mai Filaya, wadda yatsunta duk sun yi kanta. Hawa na ƙarshe naka ne kai kaɗai. A saman bene kake jiƙa fanel a cikin asid har ƙarfen ya rabu, ka tace, ka narka. Hayaƙin da ke tashi ja ne mai duhu, kuma ko daga nesa yana kama maƙogwaro. Ƙofar matakalar kullum da kwaɗo, mabuɗin a wuyanka.

A can sama ka kafa sanda, ka ɗaura mata zaren tsohon kaset. Kowace safiya sai ka fito tsakar gida ka ɗaga kai. In zaren ya karkata wajen filin da ke bayan gida, ka hau. In ya karkata wajen benci da gidajen maƙwabta, ka zauna ka sha shayi, ko da kaya sun taru, ko da mai saye yana jira. Akwai lokacin da iska ta ƙi juyawa kwana da kwanaki, gida ya shiga matsi, ba ka hau ba.

Akwai kuma gwangwanin madara da kake tara katin ajiyar hotuna da ake mantawa a cikin wayoyi. Kana cewa, "Ƙarfe muka saya, wannan ba namu ba ne." Wata rana wata mata ta zo tana kuka, ƙaninta ya sayar da matacciyar wayarta, kuma hotunan mahaifiyarsu marigayiya suna ciki. Ka juye gwangwanin a faranti, ka sa ni gwada su ɗaya bayan ɗaya a wayata har la'asar. Da fuskar mahaifiyar ta fito, matar ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ciro kuɗi, ka ce ta saya wa yara alewa.

Musu kuwa ba ya ƙarewa a bencin nan, kuma kullum a kan abu ɗaya ne: me ya sa wasu ke da kuɗi har ya yi musu yawa, wasu kuma ko na cefane sai an yi dabara. Dillalin da ke sayen zinaren ne yake tayar da shi ba tare da ya sani ba. Yakan zo a mota mai baƙin gilashi, ba ya kashe ta, ya auna a ɗan sikelinsa, ya tafi. Yana juya baya Inna Mai Filaya za ta ce, "Ku dubi hannunsa, kamar na jariri. Mu da yanka, Tsoho da tari, shi da sanyin mota." Jikanka ya ce, "Inna, ba wanda ya ƙwace miki komai. Mutumin nan ya sa jarinsa, ya san kasuwa. Mu ne muke tafiyar hawainiya, muna zaman jiran iska." Ita kuma ta ce, "Jari? Ɗan nan, ba ni jarin ka ga ko ban iya zama a mota ba." Wata ta ce laifin hukuma ne, wata ta ce rabo ne, wata ta ce ai a rediyo ma masu digiri sun yi ta yi ba su gama ba.

Kai ba ka cika sa baki ba. Sau ɗaya da suka matsa maka ka ce, "Ni ban san yadda za a raba arzikin duniya ba. Hayaƙin nan dai na raba shi, kuma ba wanda zan ba kaso." Aka yi dariya aka ci gaba da musu. Wasu a layi suna cewa rowar sana'a ce ta sa kake kulle ƙofar, don kada a koya. Ka ji, ba ka taɓa musawa ba.

Ni kuwa ta littafi kake tsokanata. In na zo kawo wa jikanka abinci sai ka ce, "Amaryata, yau me attajirin naki ya yi?" In ce ya saya wa yarinyar mota. Gobe in ce sun tafi ƙasar waje. Sai ka ce, "To shi wai yaushe yake zuwa aiki? Tunda kika fara ba ni labarinsa ban ji ya fita da safe ba." In ce kamfanoni gare shi. Ka ce, "Su wa ke ciki?" Littafin dai bai faɗa ba.

Da tari ya ci ƙarfinka har matakala ta gagare ka, jikanka ya ce zai karɓi aikin sama. Ya ce zai riƙa yi kullum, iska ta juya ko kada ta juya, zai sa takunkumi. Ya ce ya gaji da ganina a ɗaki ɗaya, yana so ya kama mana gida mai falo. Gaskiya nima ina son falon, har na zaɓi kalar labule a raina. Kai kuma ka ce a riƙa sayar da fanel ɗin yadda yake ga babbar masana'antar da ke da injin zuƙe hayaƙi, ko da abin da za a samu bai kai ba. Ya ce wannan ai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Ka ce, "Haka ne. Amma ni da takunkumin na yi, ga ni." Kuka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa ku.

A asibiti ni ke zama da kai da rana, ina karanta maka wani sabon littafi, kai kana kwance da robar iska a hanci. Wata azahar da surukata ta fita alwala, ka ciro igiyar wuyanka da ƙyar ka miƙo mini. Ka ce, "Amaryata, ban taɓa ba ki zinare ba. Ga wannan. Ki dube ni da kyau, haka mijinki zai koma, kuma shi ba zai kai shekaruna ba, don ya fi ni gaggawa." Na ce, "Tsoho, in ya tambaye ni fa?" Ka ce, "Kada ki yi masa ƙarya. Ki dai gaya masa abin da kika gani." Na kai mabuɗin gida na sa a kwalin littattafaina, inda na san hannunsa ba ya zuwa.

Dillali ya zo gaisuwa, ya yi addu'a mai kyau, Allah Ya ba shi lada. A bakin ƙofa kuma ya ja jikanka gefe ya tuna masa cewa kaya sun yi jinkiri. Da aka tashi daga zaman makoki jikanka ya birkice ɗakinka yana neman mabuɗi. Da na ga ya ɗauko guduma zai fasa kwaɗon, na ce masa yana wurina. Na ɗauko na ba shi a hannu. Na gaya masa maganarka yadda ka faɗe ta. Na gaya masa yadda kake kama ƙarfen gado in numfashi ya ƙi shiga, abin da kake hana ni faɗa in ya zo da yamma. Na ce falon na yafe. Ya buɗe ya hau.

Na tsaya a tsakar gida, matan benci duk sun ajiye filaya. Zaren kaset yana karkace wajen fili, wato ranar aiki ce, ba abin da zai hana shi. Muna jin takunsa a sama. Can sai ga shi yana saukowa da jarkar asid a rufe, ya ajiye, ya koma ya ɗauko wata. Inna Mai Filaya ta ce, "Ɗan nan, a taya ka?" Ya ce, "Kada wanda ya taɓa." Muryarsa irin taka ce sak. Da ya gama ya mayar da kwaɗon, ya miƙo mini mabuɗin, ya ce, "Mayar inda kika ɗauko."

Yanzu motar masana'anta ke zuwa kwasar fanel, kuma su suka tafi da jarkokin. Abin da ke shigowa ya ragu, kowa ya ji a jikinsa. Dillali ya daina zuwa. Musun benci yana nan, sai ma abin da ya ƙaru, don yanzu jikanka da Inna sun koma gefe ɗaya suna zagin farashin masana'anta. Muna nan a ɗakinmu ɗaya. Da asuba nakan saurari numfashinsa, yana shiga yana fita ba tare da wani ƙara ba.

Littafin da muka fara a asibiti na ƙarasa shi, Tsoho. Attajirin bai je aiki ba har shafin ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga surukata, 'yarka, da ƙanwarka Gwaggo, da jikanka da sauran jikoki, da Inna Mai Filaya da matan benci, da maƙwabtan da suka yi shekaru suna shanya a gefen gidanka ba su san me zaren kaset yake yi a sama ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka shigar masa da iskar Aljanna mai daɗi. Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.