Zoben Inna da Amon Randa

Shekara biyu na yi ina fama da wani ɗan dutse da bai kai ƙwayar wake ba, kuma wallahi har yau ban gane shi ba. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Kazaure, sai na ɗauko wa kaina dala ba gammo, na shiga digiri na biyu. Malamin da ke duba aikina ya haɗa ni da wani irin kiristal da ake kira rilakso.

Ƙwayoyin zarra da ke jere cikin kiristal kullum rawa suke. A yawancin 'yan'uwansa, in ana rage zafi, akwai wata rawa da ke ta yin sanyi har ta kusa tsayawa, nan take jerin ya sauya fasali. Kana iya nuna wurin da yatsa. Nawa kuwa ɗan taurin kai ne. Rawar sai ta dushe ta ɓace, nan ya sauya, can bai sauya ba. Malam ya ce, "Malama, a ina sauyin ya fara?" Ni kuwa in yi ta zare ido a kan takarda.

Innata a Gwiwa take, tana sayar da randuna ranar kasuwa. Sarowa take, jarinta kunne ne. Sauran masu sayarwa sai an zuba ruwa an gwada, ita kuwa abin kunya ne a wurinta. Takan ƙwanƙwasa randa da zobenta sau biyu ta ce wannan lafiya, waccan da tsaga a ciki. Har daga Roni mata ke hawo babur don ta zaɓa musu.

Da na yi mata bayanin karatuna cewa ta yi, "Wato dutse kike saurare a ba ki takarda? Da kin zauna nan na koya miki kyauta."

Wata ranar kasuwa ina gefenta, wata mata ta dawo da randa, wai tana yoyo. Inna ta ƙwanƙwasa ta ce lafiyarta lau. Matar ta zuba ruwa, gindin ya jiƙe a gabanmu. Ta ce, "Ba komai Inna, girma ne," ta wuce rumfar gaba. Da zagi ta yi da ya fi min sauƙi.

Na kai Inna asibiti a Kazaure. Likita ta tambaye ni yaushe jinta ya fara raguwa. Bara ne da ta ƙara wa rediyo murya? Ko da damina da na yi sallama uku ba ta amsa ba? To amma ai tana jin kiran salla, tana jin gulmar maƙwabta ta katanga. Tambayar Malam ce sak, nan ma ba ni da amsa. Haushin kaina ya kama ni.

Kasuwa ta zagayo, an sauke mata sabbin randuna. Ta cire zoben ta sa min a hannu.

"Ke da kika yi karatun rawar dutse, buga ki faɗa min."

Na buga ta farko, na buga ta biyu, na koma ta farko. Duk amo ɗaya nake ji. Inna kuwa bakina take kallo.

Na ce, "Inna, ban sani ba."

 Ta miƙo min bokiti ta ce, "Je ki ɗebo ruwa."