Liti Mai Caji da Bayan Baba Barau

Kafin masu kayan miya su gama baza haja a kasuwar Rogo, Liti ya goge farantan solarsa, ya jera wayoyin jama'a a rumfarsa ta caji. Shekara da shekaru aikinsa ke nan. Amma akwai soket guda a lungu wanda ba ya bari kowa ya taɓa, na Baba Barau ne.

Baba Barau manomin gyaɗa ne a Falgore. Tun da ya faɗo daga amalanke ciwon baya ya kwantar da shi, sallah ma sai a zaune. Bayan doguwar jinya, likitoci a birni suka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, mai tura lantarki kaɗan-kaɗan cikin jijiya don rage zafin. Cajinta kuwa sai an ɗora wani faifai a ƙugu, shi ma faifan sai an ba shi wuta. Gidan Baba babu wuta.

Da Liti ya ji, ya ce, "Baba, a riƙa kawo mini faifan. Ashe kai ma ka zama waya!"

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "To, ɗan nan, kada dai ka ruɗe ka miƙa ni ga wani."

A wata damina rana ta ƙi leƙowa, batirin rumfar ya ja baya. Liti ya zare wayoyin kowa, ya bar faifan kaɗai. Samari suka yi masa ca. Ya ce, "Ku hira za ku rasa, shi kuwa tafiya."

Turai, 'yar Baba, ta ba ni labarin ranar da ruwa ya cinye hanya. Cajin na'urar ya ƙare, mahaifinta na nishi a tabarma, babu babur mai wucewa. Sai ga Liti da wando a naɗe, taɓo har gwiwa, faifan a leda bisa kansa. Sallamarsa kawai Baba ya ji ya ce, "Turai, ɗauko fura, likitana ya iso."

Liti, kai ne inuwar da ba ta zaɓen mai zama. Ciwon bai tafi duka ba, amma bana Baba da ƙafarsa ya je cirar gyaɗa, ranar Juma'a kuma a tsaye ya kabbara cikin sahu.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuma, masu shago da masu babur, kowa ya waiga: akwai wani a unguwarsa da lafiyarsa ke jiran ɗan abin da ke hannunsa.