Sunan Yayana da Ban Sa a Littafi Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Ummaru makwancinsa a Illela. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi, domin akwai haƙƙinsa a wuyana, kuma in ban faɗa da bakina ba babu sauran mai faɗa. Binciken da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai na ɗauka, na sa sunana.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin tarihi a wata sakandare ta garinmu. Ɗalibansa Malam In-ji-wa suke ce masa, don ba ka isa ka kawo masa labari ka tashi lafiya ba. Ko cewa ka yi kuɗin sefa ya tashi a bakin iyaka, sai ya karkata kai ya ce, "Wa yag gaya ma? Shi kuma wa yag gaya mai?" Mu 'yan gida har gudun hira da shi muke yi. Innarmu takan ce wurin Ummaru ko gaisuwa sai da shaidu.

Ranar da babu makaranta, yakan ɗaure littafin rubutu da ƙullin goro a bayan keke ya nufi ƙauyen Araba ko Gidan Katta, wani lokacin ya ƙetara iyaka zuwa Konni, wurin tsofaffi. Yana tambayarsu hanyoyin da fatake suka bi kafin a shata iyaka, da wanda ya haƙa wace rijiya, da yadda dangi ɗaya suka wayi gari rabi a nan rabi a can. Kowane shafi sai ya ja masa layi a gefe. A gefen nan yake rubuta sunan mai magana, da ko ganau ne ko jiyau, in jiyau ne kuma daga bakin wa. Labarin da ya ji a gida ɗaya kawai, yakan rubuta a ƙasansa, "Ban sami na biyu ba tukuna." Ya ce haka malaman zaure suka rene mu, ba a karɓar karatu sai an san wurin wa aka ɗauko shi, kuma bai ga dalilin da boko zai sauke masa wannan nauyin ba.

Ni ne ƙanen da ya yi nisa a boko. Da na zo rubuta kundin digiri na biyu, na zaɓi tarihin fatauci a yankinmu, don na san abin da ke cikin adakar Yaya. Na roƙa, ya kwaso littattafan duka ya ba ni. Malamin da ke duba aikina ya leƙa ɗaya ya ture gefe. Ya ce rubutun hannun malamin sakandare ba madogara ba ne, abin da ba a buga ba ba ya shiga kundi, sai dai in hira ce da na yi da kaina. Ba zan ɗora masa laifin ba. Ni ne na koma ɗaki na kwafe sunayen tsofaffin nan daga gefen shafi, na rubuta a gaban kowanne cewa ni na yi hira da shi, alhali wasunsu ko fuskarsu ban taɓa gani ba. A shafin godiya na gode wa malamina da matata, har da wanda ya buga mini aikin a na'ura. Yaya kuwa ya shige cikin "'yan'uwa da abokan arziki".

Na kai masa kwafi, ya yi kwana uku yana karantawa. Rana ta huɗu ya kira ni zaure, na zo. Ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa.

"Wagga magana ta rijiya, ba Tsoho Na-Allah yaf faɗe ta ba, ƙanenai na, Arzika. Ka gyara, kar ka ɗauke ma mutum haƙƙinai."

Na ce to, na zauna jiran sauran. Babu sauran. Ya rufe kundin, ya sa mini albarka, ya tambayi lafiyar yara. Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin yafiya saboda hakan ya fi mini sauƙi.

Daga baya kundin ya zama littafi, littafin ya jawo ƙarin girma, har na zama mai koyar da dabarun bincike a wata kwalejin horon malamai. Yau ɗalibi yakan latsa waya ta zubo masa babi guda, ya kawo maka ko karantawa bai yi ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin wayar ba za ta tsorata shi ba. Zama zai yi ya tsare ta da tambaya har cajinta ya ƙare. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yaran sun daina jin nauyin wanda ya fara faɗin magana, kamar ilimi tsintuwa ce a bakin hanya. Na sha mayar wa ɗalibi aikinsa da jan biro saboda satar rubutu, ina masa faɗa kamar zan ci babu, kuma duk lokacin da na yi haka sai in kasa cin abinci da daɗi.

Yanzu na yi ritaya na dawo gida. Illela ta cika ta batse, babura da 'yan canji ko'ina, amma waɗanda suka san mai keken nan sun ƙare. Tsofaffinsa duk sun tafi, Inna ta tafi, matarsa ta bi shi, tawa ma ta riga ni. Masu gaishe ni a hanya "Dakta mai littafin tarihi" suke cewa. Ban san kaɗaicin da ya kai a yabe ka a kan ƙarya ba, ka waiga hagu da dama babu ko mutum ɗaya da zai ƙaryata ka. Da yamma nakan zauna a zaurensa ni kaɗai har a kira magariba.

A hutun Sallar da ta wuce, autarsa Luba ta zo. Tana 'yar firamare ya rasu, yanzu ga ta a ajin ƙarshe a kwaleji, ita ma tarihi take karanta. Ta kawo mini aikinta in duba, kusan kowane shafi da sunana a ƙasa.

"Baffa, littafinka ya taimake ni ƙwarai," in ji ta. "Ashe haka kash sha yawo cikin ƙauyuka?"

Na tashi na jawo adakar Yaya na buɗe mata littattafan. Ta gane rubutun babanta tun a shafin farko. Ta daɗe tana bin gefen shafi da yatsa, tana komawa kan littafina, tana dawowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya mini baƙa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "To Baffa, mi za ni rubutawa? Malaminmu ya ce abin da ba a buga ba, ba shi shiga."

Washegari ta koma makaranta da littattafan. Tun ranar ba ta kira ni ba.

Shi ya sa na zo jarida. Ina shaida wa duk wanda ya taɓa ɗaukar magana daga littafina cewa hirarrakin da ke ciki ba ni na yi su ba. Malam Ummaru na Illela ne ya taka keke ya je, ya zauna a tabarma, ya saurara, ya rubuta. Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar digiri ba. Ya bar sunayen tsofaffi talakawa, kowanne a gefen maganarsa, ba a ci haƙƙin ko ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.

Luba, yanzu an buga. Ki yanke wannan shafin ki kai wa malaminki, ki soke sunana duk inda ya fito ki sa na babanki. In kin gama, ki kira ni ko sau ɗaya ne. Ni kaɗai na rage a gidan.