Naman da Na Binne a Ƙarƙashin Wake

Har gobe ban manta da ranar da na kusa korar kaina daga aiki a kicin ɗin wata jami'a a garin Salford na ƙasar Turawa ba. Alhamis ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, kuma washegari za a yanke ko za a riƙe ni bayan gwajin wata uku.

Dokar kicin ɗin ita ce kowane faranti sai an manna masa takarda mai launi gwargwadon hayaƙi mai gurɓata yanayi da aka fitar kafin a samar da abincin. Wake kore, kaza rawaya, rago da sa ja wur. Shugabarmu Madam Helen ta ce ranar akwai taro kan ɗora wa nama haraji, don haka kore zalla za a ci.

Babban mai jawabi kuwa Farfesa Garba ne, malamina na Kano, wanda ya tsaya mini har na samu tallafin karatu. Kunya ta kama ni. Mutumin nan ya keto teku, ni Sani in miƙa masa wake tsirara? Ga soyayyen naman layya da gwaggona ta aiko daga unguwarsu ta Small Heath a jakata. Na yi yadda iyayenmu mata ke yi wa ɗan gata: na binne tsoka uku a ƙarƙashin waken, na manna kore, na kai masa da hannu biyu.

Ban san za a ɗauki hoto ba. Farfesa ya gama ragargazar cin nama a jawabinsa na minti arba'in, mai hoto ya ce ya ɗaga cokali ya yi murmushi. Cokali ya nutse, ya fito da tsokar rago. Madam Helen na tsaye a gefensa.

Ta ɓare koren, ta manna ja, ta ce a ci gaba. Haka aka ɗauki hoton.

A ofis ta ce, "Sani, laifinka takarda ce. Ka manna ƙarya." Ta ƙara mini wata guda na gwaji.

Na samu Farfesa a bakin ƙofa, na durƙusa. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni."

Ya waiga hagu da dama. "Gobe ma akwai zaman taro. Ka ƙara zurfi."

Ranar na gane aikin nan: Bature zai yafe maka nama, ba zai yafe takarda ba. Namu kuwa bakinsa na wajen taro, cikinsa na gida. Washegari wake zalla na kai masa, ina kallo yana tono har ƙasan faranti.