Kejin Shekari Mai Walda

Ran da abin ya faru, da ruwa aka wayi gari a Samaru, irin ruwan nan na tsakiyar damina da ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba kamar ba shi da wurin zuwa. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, masu tumatir suka lulluɓe kayansu da leda. A bayan kasuwa akwai rumfar markaɗe ta wani Bayarabe haifaffen Sabon Gari, sunansa Oluwole. 'Yar rumfa ce ta kwano, amma ran nan ta cika maƙil da mata, masu markaɗe da masu fakewa, kowacce tana matsawa ciki kada feshi ya same ta. Inji kuwa yana ta aiki, bel ɗinsa a buɗe yana gudu.

Cikin matan akwai Scholastica mai ƙosai, wadda mutanen Samaru ke kira Sikola don sunan ya fi ƙarfin bakinsu. Waken taron zumuntar mata na cocinsu ta kawo, shi ya sa take sanye da zanen zumunta, kore mai hoton fitila, ta yafa ɗaya a kafaɗa saboda sanyi. Wata ta turo daga bakin rumfa, ita kuma ta ja da baya. Bel ya cafke gefen mayafin. Ta kai hannu za ta fizge, ya haɗa da hannun. Kafin Oluwole ya kashe injin, aikin gama ya gama. A asibitin Shika aka ceci ranta, amma hannun dama daga gwiwa ya tafi.

Shekari ba ya wurin. Yana shagonsa na walda a Chikaji, yana zaune a kan benci yana jiran a kawo wuta. Amma injin shi ya ƙera shi.

Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya taso daga kudancin Kaduna, shi kuwa a Sabon Gari aka haife shi, a nan ya koyi walda tun hannunsa bai gama ƙwari ba. A wancan zamanin injin markaɗe sai mai hali, daga nesa ake kawo shi. Shekari ya lura masu lambu suna yar da tsofaffin injinan ban ruwa. Sai ya riƙa saye yana gyarawa, ya nemo guntayen ƙarfe wurin 'yan gwangwan, ya haɗa musu ƙafa da mazubi, ga inji ya tashi. Ya yi araha har matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da suka bar aiki suka riƙa ajiye shi a ƙofar gida suna samun na cefane. Don a ƙara sauƙi sai ya bar murfin bel, ya ce ai ado ne. Sauran masu walda suka kwaikwaya. A ƙafar kowane inji yakan rubuta sunansa da wutar walda, kuma a lokacin ba ya jin kunyar a gani.

Bayan 'yan kwanaki Oluwole ya ɗoro injin a kura ya kawo Chikaji. Ya ce ba zai iya sake tayar da shi ba, a canja masa wani. Da ya tafi, Shekari ya durƙusa yana dubawa. A jikin sandar da bel ke juyawa ya ga ƙyalle ya nannaɗe ya matse kamar an ɗaure da gangan. Da wuƙa ya yanko shi. Kore ne, da rabin fitila a jiki.

Ya san zanen, don matarsa Elizabeth tana da irinsa. Duk coci-cocin ɗariƙarsu shi mata ke ɗaurawa. Ranar Lahadi ya je sujada kamar kullum, matan zumunta suka taso a jere suna waƙa suna kaɗa tulu, kore daga gaba har baya. Shekari ya ji ƙarar inji a kunnensa ta danne waƙar. Ya tashi ya fita, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar darbejiya har aka tashi. Daga ranar ya koma mai sujada a waje. A gida ma in Elizabeth ta wanke zanen ta shanya, iska ta ɗaga gefensa, sai ya ga kamar wani abu ke ja. Ya roƙe ta ta riƙa shanyawa a ɗaki. Ba ta tambaye shi dalili ba, ta sani.

Abin da ya hana shi sakat shi ne injinan nan suna nan birjik, daga Samaru zuwa Hanwa zuwa cikin Sabon Gari, kowanne da baki a buɗe, kowanne da sunansa a ƙafa. Damina kuwa za ta sake dawowa.

Sai ya ƙera keji na raga da zai rufe bel ruf. Ya riƙa ɗaurawa a bayan babur yana bin masu inji gida gida, yana ɗaura musu kyauta. Suka yi ta godiya, har da masu sa albarka. Da ya zagayo bayan wata biyu, ya tarar da kejinsa a bakin titi wata tana gasa masara a kai. Wani an jingine shi an tare akuya. Na Oluwole kuwa, shi da abin ya faru a gabansa, yana kife a ƙasa da 'yan tsaki a ciki.

"Oluwole, har da kai?"

"Oga Shekari, kada ka kalle ni haka. Bel ɗin nan zamewa yake yi kamar ɗan bashi. Duk sanda ya zame sai in nemo sifana in kwance noti, mata na tsaye suna zagina? Kai kana Chikaji, ni nake shan bakinsu."

"Ka manta ranar?"

"Ban manta ba. Ina gaya musu su matsa. Sauran kuma na Allah ne." Ya nuna 'yan tsakin da ƙafa. "Amma shirwa ta bar ni na huta, wannan kam na gode."

Shekari bai yi fushi ba, don ya ga akwai gaskiya a maganar. Ya koma ya yi wa kejin ƙofa da sakata, a buɗe a gyara bel a mayar. Aka ce ƙofar tana kwaramniya ta cika kunne. Ya yanko tsohuwar taya ya liƙa a bakinta, ta yi shiru. Duk da haka in ya dawo sai ya tarar da ita a wangale an ɗaure da waya, ko an cire an sayar wa 'yan gwangwan. Ya kai maganar gaban taron masu walda, ya ce a daina sayar da inji babu keji. Wani ya ce, "Kai ka koya mana cirewa, yanzu kuma kai ne fasto?" Aka yi dariya. Shekari ya sunkuyar da kai, don bai ga ƙarya a ciki ba.

Shekaru suka shige a haka. Duk wannan yawo, titi ɗaya ne a Samaru bai taɓa bi ba, wanda Scholastica ke tuya. Yakan zagaya ta lungu ko da zai ɓata takalmi a taɓo. Wata safiya da hadari ya haɗo na farkon damina, Elizabeth ta tsaya a ƙofa tana kallonsa yana ɗaure keji a babur.

"Baban Henry, ka je wurin kowa, ban da mai hannun."

Ya yi kamar bai ji ba. Amma ran nan babur bai bi lungu ba.

Ya same ta zaune gaban kasko, tana tsame ƙosai da hagu, 'yarta Princess tana buga ƙullu a gefe. Dungulmin hannun yana cikin hannun riga an naɗe da fil. Ya kafe babur, ya gaishe ta.

"Na nawa za a sa maka, Baba?"

"Ba saye na zo ba, Maman Princess. Ni ne Shekari. Ni na..."

"Na Chikaji. Na sani. Da na faɗi ran nan, fuskata dab da ƙafar injin take. Sunanka na yi ta karantawa har aka ɗauke ni." Ta juya ƙosai. "Na ɗauka ka mutu ai. Ashe kai ne mai babur ɗin nan da ke tsoron titinmu."

Ya fara cewa ta yafe masa, ta katse shi.

"Bar wannan tukuna, mai yana ƙonewa. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ga shi yana juya ƙosai. Mene ne wannan a bayanka, kaji kake sayarwa yanzu?"

Ya kwance kejin ya nuna mata, ya buɗe ƙofar ya rufe, ya ba ta labarin masara da 'yan tsaki. Ta sa yatsun hagu a ragar ta gwada ko za su shige. Ba su shige ba. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Kai ƙarfe ka sani, ba ka san kasuwa ba," in ji ta. "Wa kake ta roƙo? Mai inji. Shi yana da zani ne? Wa ke kai masa wake? In ba mu je ba, da me zai sayi mai?" Ta miƙa masa kejin. "Wannan baƙi ne, sai mutum ya shiga rumfa zai gan shi. Shafa masa fentin da mace mai bokiti a ka za ta hango daga ƙetaren titi. Rawaya. Sauran ka bar mana."

Ranar Lahadi ta tashi a babban taron zumunta da aka yi a cocin su Shekari. Elizabeth ce ta kawo masa labari, don shi yana ƙarƙashin darbejiya. Ta ce Scholastica ba ta yi dogon bayani ba. Fil ɗin ta cire, ta naɗe hannun riga, ta ɗaga dungulmin sama ta zagaya da shi layi layi. Sannan ta ce, "Inda ba ku ga rawaya a rufe ba, ku wuce da wakenku." Daga cocinsu magana ta tsallaka wasu coci, daga nan ta shiga gidajen maƙwabta. Matan Musulmi suka karɓe ta da hannu biyu, suka ce su da ke aika 'ya'yansu markaɗe da dogon hijabi ai su suka fi kowa shiga haɗari.

Wata Asabar Shekari yana Samaru ya ga abin da idonsa. Matan zumunta sun fito daga gwajin waƙa da bokitai a ka, kore reras a bakin titi. Ƙarar injin nan ta taso masa, amma ya dafe babur ya tsaya. Suka iso rumfar Oluwole, ta gaba ta leƙa, ta ce, "Baba, ina rawaya?" Suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suka yi layi wurin wani yaro mai sabon inji da Shekari ya sa wa keji a makon. Oluwole ya biyo su yana cewa, "Haba iyayena, yau ni kuka ƙi?" Ba wadda ta juyo.

Da yamma sai ga shi a Chikaji da tsohon kejinsa a kafaɗa, duk kashin kaji.

"Oga Shekari, a yi masa ƙofa a shafa fentin. Matan nan za su kashe ni da yunwa."

"'Yan tsakin fa?"

"Su da shirwa su daidaita."

Kafin damina ta fita, masu waldan da suka yi masa dariya sun zo ɗaukar awon keji. Bai hana kowa ba, har nuna musu ya yi inda ake liƙa taya. Yau a Samaru da Sabon Gari da wuya mace ta sauke bokiti inda bel yake a buɗe, kuma yara da yawa sun ɗauka haka inji yake zuwa tun asali.

Amma wasu injinan nasa na farko an sayar da su hannu zuwa hannu, sun shiga ƙauyukan bayan Shika da wuraren da bai sani ba. Su ne ke tashinsa in ya ji ruwa a kan kwano. Maganar yafiya kuwa, Scholastica ba ta taɓa komawa kanta ba, shi ma bai sake tambaya ba. In ya bi ta titinta takan sa a ƙunsa masa ƙosai, ta kuma karɓi kuɗinta.

Shekari yana nan a Chikaji. Wutar walda ta rage masa gani, ɗansa Henry ke riƙe da shagon, shi aikinsa shafa fenti. Ya koma shiga coci, yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ranar kasuwar ƙauye Henry yakan ɗauke shi a babur da keji biyu a baya, suna tafe yana kasa kunne, inda ya ji ƙarar inji ya ce a tsaya.